Yadda Kande Ta Ci Yatsun Malam Biyu

Da sunan Allah nake farawa, da godiya gare Shi zan rufe, a tsakiya kuwa akwai ƙorafi, sai ku yi haƙuri da shi. Ni ce Hajiya Laraba ta Woolwich, wadda kuka sani da dambun nama. Ban taɓa zama a aji ba, ban kuma taɓa jin kunyar faɗin haka ba, don abin da idona ya gani ba ya ɓace mini. Ni ke faɗa, 'yata Uwani ke rubutawa, na kuma ja mata kunne kada ta gyara mini magana. Na gaji ne da tsayuwa a kasuwa ina ba da labari ɗaya har kifina ya narke a jaka. Wasu sun ce ɓarayi ne suka harbi Malam, wasu sun ce barewa ce ta rama. To ga yadda aka yi.

Maigidana, wanda sunansa ba zai fito daga bakina ba, ɗan sarkin baka ne daga ƙasar Ningi. A nan London nama yake yankawa a wani shago a Lewisham, har ya tsufa a kai. A wajen sayen tumaki ya saba da wani tsohon Bature mai gona can bayan gari, ni Mai Tumaki nake ce masa. Bareyi sun dame shi, suna cinye masa shuka. Da ya ji Malam maharbi ne ɗan maharbi, sai ya tsaya masa har ya sami izinin riƙe bindigar farauta. 'Yan sanda suka zo gidanmu, suka duba akwatin ƙarfen da aka kafe a bango, suka yi tambayoyin da ko ranar aurena ba a yi mini ba. Malam ya sayi bindiga ya sa mata suna Kande, sunan tsohuwar bindigar adaka ta mahaifinsa. Tun daga nan firizata ba ta rabu da naman barewa ba, ni kuma sunana ya kai har Camberwell saboda dambu. Wannan kam ba zan yi ƙarya ba, na ci moriyar Kande.

Ana nan, da sanyi ya fara shigowa, mutanen shagon bindigar suka bugo waya. Uwani ce ta ɗauka, ta daɗe tana saurare, sannan ta juyo.

Ta ce, "Baba, recall ne. Waɗanda suka ƙera ta sun gano kunamar irin wannan bindiga tana da matsala." Kunama ita ce ɗan ƙarfen nan da ake ja da yatsa. "Sun ce wani lokaci da an zare ɗan makullin da ke tsare kunamar, sai ta tashi da kanta ba a taɓa ta ba. A kai musu su canja, kyauta ne. Kuma kada a sake sa mata harsashi sai an canja."

Malam ya ajiye kofin shayinsa. Ya ce, "Wa zai buɗe ta?"

"Maƙerin shagon mana."

"Ya taɓa cin namana?"

Uwani ta ce, "Baba, please."

Ku da ba 'ya'yan maharba ba, bari in gaya muku. A gidansu Malam, bindigar da ta sha jini ba kowa ke buɗe cikinta ba. Mai ita ne, sai maƙerinsa. Maƙerin nan kuwa yana da rabonsa a duk abin da aka harbo, karfata guda, wato hannun gaba na dabbar. Wanda ya ci namanka ba zai cuci ƙarfenka ba, haka suka gada. To Malam ya duba London kaf bai ga wanda ya ci karfatarsa ba. Bai kuma tsaya ya yi mana wannan bayani ba, mu dai mun ɗauka taurin kai ne na tsufa. Abin da ya yi, ya kwance Kande da kansa a kan tabarmar sallata, ya shafe ta da mai, ya turara ta da wani turare da yayansa ya aiko daga gida, har ƙararrawar hayaƙi ta ɗauki kuka, maƙwabciyarmu ta fito da kyanwarta a hannu. Ya mayar da ita akwati ya ce, "Ta warke."

Na ce, "Sarkin Baka, waɗanda suka haife ta sun ce ba ta da lafiya."

Ya ce, "Su suka haife ta, ni na rene ta."

Uwani ta yi ta naci, shagon ma sun sake kira. Kullum amsarsa ɗaya, sai an gama farautar bana.

Ranar wata Asabar da hantsi ina jajjagen tattasai, Mai Tumaki ya kira Uwani. Na ga fuskarta ta sauya, na ajiye taɓarya. Ashe sun harbo barewa lafiya lau, Malam ya yanka ta, sun dawo bakin mota. Ya sunkuyar da bakin bindiga ƙasa don ya cire harsashi, ya zare makulli, yatsansa ko kusa da kunama bai je ba, sai ji suka yi ta tashi. Harsashin ya bi ta gefen takalminsa na hagu. Mai Tumaki yana tsaye dab da shi. Da ba don mahaifin Malam ya koya masa tun yana yaro cewa bakin bindiga ƙasa yake kallo ba, da wani labarin nake ba ku yau, ko ma ba ni da bakin bayarwa.

A jirgi mai saukar ungulu aka kai shi babban asibitin nan na Camberwell. Mutumin da ko lif ba ya son shiga! Da ya farfaɗo daga tiyata, maganar farko da ya yi mini ita ce, "Laraba, na ga rufin gidanmu ta sama. Akwai datti." Na yi dariya, na yi kuka, na sake yin dariya, har nas ta kawo mini ruwa.

Satin farko, ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun tafi, da ɗan gefen ƙafar. Na tambaya ina aka kai su, a ba ni in binne. Suka yi ta kallon juna, daga baya dai suka fahimta, limamin asibitin ya taimaka aka yi abin da ya dace. Wannan na gode musu. Abin da ban gode ba shi ne abinci. Dankali ne a kirɓe, fari fat, ba gishiri ba yaji, sai wani koren wake a gefe yana birgima. Na ce wannan ko lafiyayye ya ci sai ya kwanta. Na koma gida na ɗora farfesun kaza da kunun gyaɗa, kullum in cika kula in hau bas da katin tsofaffi, in sauka in sake hawa wata. Asibiti ba su karɓi ko kwabo ba, Allah Ya saka, amma kajin Woolwich sun ji a jikinsu, aljihun Uwani ma ya ji.

A ɗakin akwai wata nas 'yar Ghana, Sista Memuna, 'yar zangon Kumasi. Ranar da ta ji muna Hausa ta zo da gudu. Ta ce mini, "Mama, kai zauna, kai ya gaji." Na waiwaya ina neman namijin da take yi wa magana. Daga ranar ta zama 'yata. Ita ke fassara mana maganar likita idan Uwani tana wurin aiki, ita ce kuma ke kau da kai idan na buɗe kula. Wani tsoho ɗan Jamaika da ke gadon kusa ya ɗanɗana yajina sau ɗaya, daga nan kullum da ya hango ni sai ya ɗaga cokalinsa sama.

Sati na biyu ne abin ya juya. Na shigo da rana na tarar Malam bai taɓa kunun jiya ba, jikinsa zafi rau, yana kiran sunan ƙanensa da ya rasu tun muna Ningi. Ƙafar ta kumbura ta yi ja, ga wani wari da hancina ya sani tun ina yarinya, warin gyambon da ya ƙi magani. Likitar ta zo, wata 'yar siririya da ba ta kai Uwani shekaru ba. Kalma ɗaya ta maƙale mini a cikin maganarta, infekshan. Sista Memuna ta ce ƙwayoyin cuta ne suka shiga, daga ƙasar gona da guntun takalmi da harsashin ya tura ciki.

Sai likitar ta zaro biro daga aljihunta, biro irin wanda ake sayarwa a kowane kanti, ta ja layi a ƙwaurin Malam, daidai inda jan ya tsaya. Ta ce za su sake wanke ciwon a tiyata, su sa masa magani mai ƙarfi ta jijiya. In jan ya ja baya, ƙafa ta tsira. In ya haye layin nan, za a yanke daga ƙasan gwiwa don a ceci ransa.

Da ta tafi, Malam ya juyo gare ni. Sannan ya ce, a hankali, "Laraba, maharbi da ƙafa ɗaya."

Na ce, "Ba a yanke ba tukuna. Kada ka riga su."

Na ɗebo ruwan ɗumi na wanke masa ƙafar dama, mai lafiyar, na shafa mata man kaɗanya, don ita kaɗai aka bar mini in taɓa. Tun aurenmu ban taɓa riƙe ƙafar mutumin nan na dube ta da kyau ba sai ranar. Duk faso ne da tabon ƙaya na dajin Ningi, da kantar tsayuwar shagon nama. Na ce a raina, ya Allah, wannan ƙafa da 'yar'uwarta tare suka zo, Ka bar su tare.

Kwanakin nan ba ni da aiki sai kallon zanen biro. In shigo, ko sallama ban gama ba, in ɗaga bargo. Har na hana masu goge masa jiki su kusanci layin da ruwa, kada ya goge a rasa inda aka tsaya.

Shawara kuwa ta zo kamar ruwan sama. Matan unguwa suka cika barandar asibitin har aka roƙe mu mu riƙa shiga bibbiyu. Wata ta ce a sato shi a kai wa maɗori a Kano. Wata ta kawo rubutu a gorar lemo, wannan na ba shi ya sha, don ba ya hana allura aiki. Yayansa, Yaya Ɗanlami, ya kira ta bidiyo daga Ningi, ya kusanto da wayar har hancinsa kaɗai muke gani.

Ya ce, "Barewar nan da ka yanka, ka dubi idonta kafin ka sa wuƙa?"

Malam ya ce bai tuna ba.

"To ita ce. Ba barewa ba ce, mai wurin ce, aljanar dajin. Bindiga ba ta tashi haka kawai. A nemo kitsen mesa a shafa, kuma kada ka yarda su yanke."

Na karɓe wayar na ce, "Yaya, ina wuni. Mesar London duk suna gidan zu, kuma da mai gadi."

Ya ce, "Laraba, har yanzu bakinki bai mutu ba?"

Na ce, "Shi ke riƙe da ƙanenka."

Ni dai abin da na roƙa a sa masa zuma ce, don da ita kakata ke maganin ƙuna da sara. Na sayo kwalba guda a kasuwa na ɓoye a jaka, Sista Memuna ta kama ni. Ta ce, "Mama, kai sa wannan, ni ya rasa aiki." Na mayar. Bayan an sake wanke ciwon, ina zaune sai ga wata nas da ɗan bututu tana matsa wani abu mai ruwan ɗorawa a kan auduga. Na sunsuna. Na ce, "Memuna, mene ne wannan?" Ta fashe da dariya ta ce zuma ce, amma tasu ta asibiti, an tace ta an kashe duk abin da ke ciki, ba irin tawa ba. Na ce ko ma ta wace ce, ƙudan zuma ne ya yi ta, ba likita ba. Ranar na ci abinci har na ƙara.

A safiyar Jumma'ar sati na uku na ɗaga bargo, na ga jan ya ja baya, ga lafiyayyar fata baƙa tsakaninsa da layin, faɗin yatsana biyu. Na saki guɗa. Ban san na yi ba, fita ta yi da kanta. Nas-nas suka rugo a guje sun ɗauka wani ya mutu, ɗan Jamaika yana buga cokali a ƙarfen gado. Likitar ta zo ta duba, ta yi murmushi, ta ce wa Malam, "Wigil." Wato ya motsa yatsun. Ukun da suka rage suka ɗan yi rawa kamar 'yan tsaki. Har yau in na ga ya yi zugum a kujera sai in ce, "Sarkin Baka, wigil," sai ya yi tsaki, yatsun kuma su motsa.

A satin ne wata 'yar sanda ta zo, don tun ranar da abin ya faru Kande tana hannunsu. Ta ce masu bincike sun gwada ta a ɗakin gwajinsu, sun zare makulli ba wanda ya taɓa kunama, ta tashi. Ciwon da aka kira mu a kansa ne, ba wani ba. Ta kuma faɗa masa ba tare da sakaya ba cewa an kira shi bai je ba, don haka izininsa zai zauna a wurinsu sai sun gama nazari. Da ta fita na ce, "Malam, a kira Yaya Ɗanlami a tambaye shi, ko ofishin 'yan sanda ma akwai barewa mai wurin?" Ya ja bargo ya rufe fuska. Na ga bargon yana girgiza, dariya yake.

Sauran jinyar doguwa ce amma mai daɗi. Sun yanko fata daga cinyarsa sun lulluɓe ciwon, suka haɗa shi da wata 'yar na'ura mai tsotse ruwan ciwo, tana gurnani kamar jariri mai mura, ya sa mata suna Auta. Aka sallame mu. Muka iso gida a tasi muka tarar lif ya lalace, mu kuwa a hawa na uku muke. Uwani ta kira council, hukumar da ke kula da gidan, suka ce an yi booking ɗin mai gyara, aka yi cancel, aka sake booking. Samarin masallaci ne suka ɗauke shi a kan kujera suna kabbara kamar sun ɗauko ango. Wajen masu koya tafiya ma mun jira layi har na fara koya masa da kaina, daga gado zuwa kicin, ina gaba da kwanon dambu yana biyo ni da sanduna. Na sha masifa. Ruwa ya yi zafi, ruwa ya yi sanyi, matashi ya yi tauri. Na ce duk ka yi, mai ƙafa biyu ne ke yi mini.

Sai da ya ajiye sanda ɗaya, wata rana muna shan rana a bakin taga, ya gaya mini zancen karfata da maƙeri, dalilin da ya hana shi kai Kande.

Na ce, "Yanzu saboda hannun barewa guda ka ba da yatsu biyu? Firiza cike da nama, ga ni da kaskon suya, ga bas kyauta? Ai da ka buɗe baki, a ranar zan ciyar da maƙerin nan har ya roƙi a bar shi."

Ya ce, "Ban zaci Bature zai gane ba."

Na ce, "Ba sai ya gane ba. Ci kawai zai yi."

To ashe abin yana cin sa. 'Yan sanda sun miƙa Kande shagon, an buɗe ta an canja kunama, hannun da bai ci namansa ba shi ne ya shiga cikinta. Ni kuwa ina da abin da bai sani ba. Barewar ranar, Mai Tumaki ya gyara ta ya kawo mana har gida tun Malam yana asibiti, yana ta share hawaye a bakin ƙofa. Na rabar da sauran sadaka, karfata ɗaya ce ta rage a ƙasan firiza don ba ta shiga tukunyata. Na fito da ita, na dafa, na daka, na soya da man gyaɗa da citta da yaji, gidan ya ɗauki ƙamshi har maƙwabciya mai kyanwa ta ƙwanƙwasa.

Uwani ta ce za ta kai mu a mota har ƙofar shagon. Malam ya ce a'a, a ajiye shi a bakin titi. Ya bar sandar a mota. Ya sa sabon takalmin da asibiti suka yi masa, ya karɓi kwanon daga hannuna, ya ce rabon maƙeri maharbi ne ke kai shi da ƙafarsa. Muka bi shi a baya. Yana ɗan ɗingishi, yana tsayawa yana hutawa, amma ba wanda ya riƙe shi. Ni da na yi kwanaki ina gadin zanen biro, na ga ƙafar nan tana taka titi, ban san lokacin da na kama hannun Uwani na matse ba har ta ce, "Mama, zafi."

A shagon Malam ya ce a kira masa maƙerin da ya buɗe Kande. Sai ga wata mace ta fito daga ciki, ja, gashi a ɗaure, hannu duk baƙin mai. 'Yar mai shagon ce, ita ke duk gyaran. Malam ya dube ni. Na ce, "Kada ka dube ni, miƙa mata." Uwani ta yi mata bayanin al'adar. Matar ta saurara ba ta yi dariya ba, ta je ta wanke hannu, ta dawo ta ɗebi dambu ta kai baki. Yaji ya kama ta, ta yi tari, ido ya kawo ruwa, fuska ta ƙara ja. Sannan ta sake miƙa hannu ta ɗebi wanda ya fi na farko.

Malam ya gyaɗa kai ya ce, "Shi ke nan. Gaya mata ta zama maƙeriyata. Duk ranar da ta kira, ko ina kan sallaya, in na sallame zan zo."

Izinin har yau yana wurin 'yan sanda, Kande tana kulle a shagon. Ko su mayar ko kada su mayar, ni ban matsu ba, naman rago ma yana dambu. Ku dai da ke da bindiga, ko mota, ko tukunyar gas, in waɗanda suka ƙera abu suka kira suka ce a kawo akwai matsala, ku kai a ranar. In kuma akwai wata al'ada da ta tare muku hanya, ku faɗa wa matanku, wataƙila maganinta yana cikin firiza.

Na gode wa likita mai biro, da 'yata Memuna, da Mai Tumaki da ya ɗaure ƙafar da ɗamararsa, da samarin da suka yi aikin lif. Council kuwa na yafe musu, amma ban manta ba. Alhamdu lillahi. Uwani, ajiye alƙalamin haka nan ki je ki buɗe ƙofa, ga babanki can ya dawo daga masallaci, na ji takunsa a matakala.